Tambayoyi da amsoshi kan daidaituwar bugu da sarrafa raga mai sarƙaƙiya

Ɗaliban lissafi, fiziks da injiniyancin lantarki da suka fara leƙa wannan fage sukan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya. An tattara su a nan, an faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Mece ce raga mai motsi, kuma me ya sa ake cewa tana da sarƙaƙiya?

Raga tarin abubuwa ne da ke haɗe da juna, suna taɓa juna. Kamar komar masunci, tana da ƙulle-ƙulle da zaruruwa. Kowane ƙulli abu ne guda, misali injin samar da wuta, ko ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jirgi marar matuƙi, zare kuwa shi ne hanyar da tasirin wani ke bi ya isa ga wani. Ana cewa tana da motsi saboda halin kowane ƙulli yana canjawa da lokaci bisa wata ƙa'ida ta lissafi, kuma abin da zai yi nan gaba ya rataya ga halin da maƙwabtansa suke ciki yanzu.

Sarƙaƙiyar daga saƙar take. Ragar da ake samu a zahiri ba ta jeruwa reras kamar kunyoyin gona, kuma ba a kara-zube aka ƙulla ta ba. Wasu ƙulle-ƙullen suna da zare ɗaruruwa, wasu guda ɗaya tak, wasu kuma sun dunƙule rukuni-rukuni da siririyar gada a tsakaninsu.

Me ake nufi da daidaituwar bugu?

Wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya ga abin da ake magana a kai. Kowace tana da saurin dakanta in ita kaɗai ce, amma da sun haɗu sai kowace ta saurari taɓaryar 'yar'uwarta, mai sauri ta sassauta, mai nawa ta ƙara hannu, har taɓare su riƙa sauka bi da bi ba tare da sun yi karo ba. Babu wadda ke ba da umarni. Wannan ya bambanta da manoma a wurin gayya, inda makaɗin gangar noma ke yanka kari kowa ya bi. Masu bincike suna nazarin duka biyun, amma na farkon ne ya fi ba su aiki, domin tsarin yana fitowa ne daga mu'amalar mambobin kansu.

Sharaɗin shi ne kowane ƙulli ya kasance yana da bugunsa na kansa, wanda zai ci gaba ko da an raba shi da sauran. Daidaituwar kuma iri-iri ce. Akwai wadda kowa ke yin abu ɗaya a lokaci ɗaya, akwai wadda saurin ya zama ɗaya amma da tazara tabbatacciya tsakanin wani da wani kamar a lugude, akwai kuma wadda ragar ke rabuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa karin.

Yaushe aka fara wannan bincike?

A 1665 masanin nan na ƙasar Holan, Christiaan Huygens, yana kwance ba shi da lafiya, ya lura cewa agogunansa biyu masu lilo da ke rataye a katako ɗaya suna kaɗawa tare, in wannan ya yi dama wancan ya yi hagu. Ko ya hargitsa su, cikin kamar rabin sa'a sai su koma yadda suke. Daga baya ya gano cewa ɗan motsin katakon da ido ba ya gani ne ke kai saƙo tsakaninsu. Matafiya kuma sun daɗe suna ba da labarin maƙesu a bakin kogunan Tailan da Maleshiya, dubbai a bishiya ɗaya suna walƙiya tare.

Lissafin taro mai yawa bai kankama ba sai da Arthur Winfree ya fitar da aikinsa kan agogunan jikin halittu a 1967, sannan Yoshiki Kuramoto na Japan ya sauƙaƙa shi a 1975 ta yadda za a iya warware shi da alƙalami.

Me samfurin Kuramoto ya nuna?

Kuramoto ya ɗauki kowane ƙulli kamar mai gudu a zagayen fili, kowa da saurinsa na asali, amma kowa na jin ja daga sauran gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Ya kuma ƙirƙiro ma'auni guda daga 0 zuwa 1: sifili in masu gudun sun warwatsu ko'ina a zagayen, ɗaya in duk sun dunƙule wuri guda.

Abin da ya fito daga lissafin shi ne akwai iyaka. Muddin ƙarfin jan bai kai wani mizani ba, ma'aunin yana nan a sifili kamar babu haɗin komai. Da ya haye mizanin sai wani ƙaramin rukuni na masu matsakaicin sauri ya kama tafiya tare, wannan rukuni ya ƙara ƙarfin jan, ya jawo wasu, su ma su jawo wasu. Mizanin kuwa yana ƙaruwa gwargwadon yadda saurin mambobin ya bambanta tun asali. A 2002 István Kiss da John Hudson da Yumei Zhai a Jami'ar Virginia sun tabbatar da hakan a ɗakin gwaji da wayoyin nikel 64 da aka tsoma cikin ruwan asid. Raunin samfurin na farko shi ne ya ɗauka kowa na haɗe da kowa, abin da amsoshin da ke tafe kan siffar raga suka gyara.

Abubuwan da motsinsu ke da hargitsi za su iya daidaituwa?

Za su iya, duk da cewa hankali bai yi tsammani ba. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa a tsari mai hargitsi, ɗan bambanci kamar ƙwayar gero a farawa yana girma har hanyoyi biyu su rabu gaba ɗaya. Amma a 1990 Louis Pecora da Thomas Carroll na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka sun nuna cewa in aka tura wani sashe na siginar da'irar lantarki mai hargitsi zuwa ga tagwaiyarta, ta biyun tana bin ta farkon sau da ƙafa. Hargitsin bai gushe ba, sai dai su biyun suna yin sa tare.

Nan da nan aka yi tunanin ɓoye saƙo a cikin hargitsi, ta yadda mai tagwayen da'irar ne kawai zai iya tace shi. A 2005 an gwada hakan da hasken leza a kan wayar fayiba mai tsawon kilomita 120 a birnin Atina. A matsayin hanyar sirri dai bai ture ɓoyon saƙo na lissafi ba, domin an karya da yawa daga tsare-tsaren farko, amma ya buɗe ƙofar nazarin raga mai ƙulle-ƙulle masu hargitsi.

Wace rawa siffar ragar ke takawa?

Ayyuka biyu ne suka juya akalar fagen. A 1998 Duncan Watts da Steven Strogatz sun nuna cewa in aka ɗauki raga mai zobe, inda kowa ke haɗe da na kusa da shi kawai, aka kwance zare kaɗan aka ƙulla su da nesa, nisan da ke tsakanin kowane ƙulli biyu yana faɗuwa warwas alhali maƙwabtaka na nan. Suka kira ta ƙaramar duniya, kuma suka same ta a ragar wutar yammacin Amurka da jijiyoyin wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans. A 1999 kuma Albert-László Barabási da Réka Albert suka nuna cewa raga da yawa suna girma ne ta yadda sabon zuwa ya fi son ƙulla zare da wanda ya riga ya tara, har a sami 'yan cibiyoyi masu ɗimbin zaruruwa a tsakiyar tarin ƙanana.

Daga nan tambayar ta zama: in ƙulle-ƙullen iri ɗaya ne, wace saƙa ce ta fi saurin kawo su kan kari ɗaya? Gajerun hanyoyin ƙaramar duniya suna taimakawa ƙwarai. Batun cibiyoyi kuwa ya fi haka murɗewa, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Ta yaya ake sanin raga za ta daidaita ba tare da an gwada ta ba?

Pecora da Carroll ne suka sake kawo mafita a 1998. Sun raba matsalar gida biyu: ɗaya ya shafi halin ƙulli guda da yadda yake amsa ja, ɗayan ya shafi saƙar kawai. Ana rubuta saƙar a jadawalin lambobi da ake kira jadawalin Laplace, a tatso daga cikinsa wasu lambobin halayya, adadinsu daidai da adadin ƙulle-ƙullen. Ta farko kullum sifili ce. Ta biyu, wadda Miroslav Fiedler ya yi nazarinta tun 1973, tana auna yadda ragar ke da wuyar tsagewa biyu, kuma in ita ma sifili ce to ragar a rabe take. Ga ƙulle-ƙulle iri da yawa, daidaituwa tana tabbata ne kawai in duk lambobin, ban da ta farko, sun faɗa cikin wani tsakani, saboda haka abin dubawa shi ne a raba babbar lamba da ta biyu. In sakamakon ƙarami ne, ragar na da sauƙin daidaitawa.

Da wannan ma'auni ne Takashi Nishikawa da Adilson Motter da abokansu suka gano a 2003 cewa raga mai manyan cibiyoyi ta fi wuyar daidaitawa a kan wadda aka raba zare daidai-wa-daida, ko da nisan da ke cikinta ya fi gajarta. Cibiyar da saƙonni ɗari ke afka mata lokaci guda tana cika har ta kasa isar da komai.

Ƙara zare ba kullum yake ƙarfafa raga ba?

Ba kullum ba. Dietrich Braess ya nuna a 1968 cewa sabon titi na iya ƙara cunkoso, kuma a 2012 Dirk Witthaut da Marc Timme a Jamus sun sami irin wannan a samfurin ragar wuta: sabon layi na iya karkatar da kwarara ya ɗora wa wani layin abin da ba zai iya ɗauka ba, daidaituwa ta warware. A ɗaya gefen kuma, Peter Menck da Jürgen Kurths da abokansu a Potsdam sun nuna a 2014, da samfurin ragar arewacin Turai, cewa layukan da suka miƙe suka ƙare a lungu ba tare da wata mafita ba su ne suka fi raunana raga idan babban bugu ya same ta, kuma 'yan layuka kaɗan da za su rufe lungunan su zama zobe suna gyara lamarin. Inda aka ƙulla zaren ya fi yawansa muhimmanci.

Mece ce alaƙar wannan da wutar lantarki da faɗuwar babban layin ƙasa?

Ragar wuta ita ce misali mafi girma da ɗan'adam ya gina. A Nijeriya da Nijar da Turai duk injinan da ke haɗe dole su yi bugu 50 a daƙiƙa, a Amurka 60. Injin Kainji da na Shiroro da na Egbin a Legas, duk da ɗaruruwan kilomitocin da ke tsakaninsu, suna juyawa kan kari ɗaya, kuma wutar da ke ratsa layi ta dogara ne da ɗan ratar kusurwar da ke tsakanin bakinsa biyu. Lissafin ya yi kama da na Kuramoto da aka bayyana a sama, sai dai an ƙara masa nauyin ƙarfen da ke juyawa. Shi ya sa injiniya ba ya jona janareta a kan raga sai ya daidaita ƙarfin wutar da saurin bugun da kusurwar, ko da na'ura ko da tsohuwar dabarar kallon ƙwan fitila har ya mutu.

In buƙata ta zarce abin da ake samarwa, bugun yana sauka. In babban inji ko layi ya fita kwatsam kuma babu ajiyar da za ta cike giɓin cikin daƙiƙoƙi, na'urorin kariya sukan cire injina don kada su lalace, fitar kowanne ta ƙara wa saura nauyi, har ragar ta kife. Wannan shi ne abin da jaridu ke kira faɗuwar babban layin ƙasa, kuma don hana shi ne masu aiki a cibiyar kula da raga ta Osogbo ke gadi dare da rana. Dogayen layukan da suka miƙa arewa ba tare da zobe ba suna da irin raunin lungu da aka ambata a amsar da ta gabata, kuma tunda layin Birnin Kebbi ne ke kai wuta Yamai, girgizar ba ta tsayawa a kan iyaka.

Turai ma ta ɗanɗana. A ranar 4 ga Nuwamba 2006 an kashe wani layi da ya ƙetare kogin Ems a Jamus don jirgin ruwa ya wuce, sai ragar nahiyar ta tsage gida uku, kowane da nasa bugun, gidaje kimanin miliyan 15 suka shiga duhu. A farkon 2018 kuma rikicin Kosovo da Sabiya kan wuta ya sa bugun ya ɗan gaza 50 na tsawon makonni, har agogunan da ke ƙidaya da bugun wuta suka makara da kusan minti 6 a faɗin nahiyar. Damuwar masu bincike a yau ita ce farantai masu amfani da hasken rana ba su da ƙarfe mai juyawa, saboda haka dole a koya wa na'urorinsu kwaikwayon wannan nauyi.

Kullum ake son daidaituwa?

A'a. Zuciya tana buƙatarta, domin dubban ƙwayoyin da ke yanka mata kari dole su buga tare, haka ma ƙwayoyi kimanin 20,000 a ƙwaƙwalwa da ke riƙe agogon barci da farkawa. Amma a farfaɗiya ɗimbin jijiyoyi ne ke tashi tare fiye da kima, kuma a cutar Parkinson ana ganin daidaituwar da ta wuce iyaka a bugu 13 zuwa 30 a daƙiƙa. Wayar da likitoci ke dasawa can cikin ƙwaƙwalwa tana danne wannan, kuma wani mai bincike, Peter Tass, ya ba da shawarar a riƙa taɓa wurare daban-daban a lokuta daban-daban don a wargaza karin da gangan.

Gadar Millennium ta Landan ta buɗe ranar 10 ga Yuni 2000, ta kama rangaji da jama'a, aka rufe ta bayan kwana biyu, ba a sake buɗewa ba sai Fabrairu 2002 bayan an sa mata na'urorin shanye girgiza. An daɗe ana bayyana lamarin da samfurin Kuramoto, cewa takun mutane ne ya daidaita da gadar. Wani bincike na 2021 ya ce ƙoƙarin kowa na tsare kansa daga faɗuwa ya isa ya tayar da rangajin, daidaituwar takun daga baya take zuwa.

Me ake nufi da sarrafa raga, kuma dole ne a taɓa kowane ƙulli?

Sarrafawa ita ce tura sigina daga waje don a kai ragar halin da ake so. A raga mai ƙulli dubu goma ba zai yiwu a sa wa kowa linzami ba, don haka ake amfani da dabarar kafa turke: a zaɓi 'yan kaɗan a ɗaure su ga manufar, su kuma su ja saura ta zaruruwa, kamar yadda makiyayi ke juya garke ta hanyar juya na gaba. A 2002 Wang Xiaofan da Chen Guanrong na ƙasar Sin sun nuna cewa a raga mai cibiyoyi, ɗaure manyan ƙulle-ƙulle yana buƙatar turaku kaɗan ƙwarai in aka gwada da zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi. Wannan reshe ya haɗu da binciken yarjejeniya tsakanin na'urori, inda Reza Olfati-Saber da Richard Murray suka nuna a 2004 cewa lambar nan ta Fiedler ce ke ƙayyade saurin da ayarin jirage marasa matuƙa zai amince kan alkibla ɗaya.

To me ya sa wasu ke cewa ƙulle-ƙullen da ya kamata a sa wa linzami yawanci ba cibiyoyi ba ne?

Saboda tambayar da suke amsawa daban ce. Kafa turke na neman a tattara kowa kan hali ɗaya. Liu Yang-Yu da Jean-Jacques Slotine da Barabási kuwa, a 2011, sun nemi mafi ƙarancin ƙulle-ƙullen da za su ba da ikon kai kowane ƙulli duk halin da aka ga dama, kowa da nasa. Sun ɗora a kan ma'aunin Rudolf Kalman na gane tsarin da zai sarrafu da aikin Lin Ching-Tai na 1974, suka mai da matsalar ta haɗa aure tsakanin zaruruwa ta yadda kowane ƙulli zai sami mai ja masa gaba nasa shi kaɗai, wanda ya rasa kuma shi ake sa wa linzami. Cibiya mai 'ya'ya ɗari tana tura musu saƙo iri ɗaya, ba ta iya bambanta su, don haka akasarin 'ya'yan ne ke buƙatar linzami. A ragar da ke tsara aikin ƙwayoyin gado lissafinsu ya ba da kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙulle-ƙullen.

Gwajin da ya fi ɗaga darajar hanyar ya zo a 2017, lokacin da aka yi amfani da ita kan tsutsar C. elegans mai jijiyoyi 302. Lissafin ya nuna cewa wata jijiya mai suna PDB, wadda ba a taɓa danganta ta da tafiya ba, tana da hannu a motsin jiki, kuma da aka ƙone ta da leza sai lanƙwasar tsutsar ta canja.

Ina waɗannan lissafe-lissafe suke gazawa?

A wurare uku aƙalla. Lissafin 2011 ya ɗauka cewa martanin ƙulli yana tafiya daidai da girman abin da ya taɓa shi, alhali jijiya da inji da ƙwayar gado ba haka suke ba. Na biyu, cewa abu mai yiwuwa ne a takarda bai faɗi tsadarsa ba: in turakun sun yi kaɗan, ƙarfin da ake buƙata don isa ga ƙulli mai nisa yana ninkuwa har ya fi abin da kowace na'ura za ta iya bayarwa. Na uku, saƙo yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, zaruruwa suna tsinkewa suna ƙulluwa, kuma sau da yawa taswirar ragar da mai bincike ke riƙe da ita ba cikakkiya ba ce. A ganin mai wannan rubutu, takardun da ke tabbatar da daidaituwa a raga ta ƙage sun yi yawa ainun in aka gwada da waɗanda aka auna da bayanan gaske.

Mece ce kimera?

Hali ne da raga mai ƙulle-ƙulle iri ɗaya sak, masu haɗi iri ɗaya, ke rabuwa biyu da kanta, wani sashe na bugu tare, ɗayan kowa na yin nasa. Kuramoto da Dorjsuren Battogtokh na Mongoliya ne suka ci karo da shi a 2002, Daniel Abrams da Strogatz suka raɗa masa sunan dabbar tatsuniyar Girka mai jiki haɗe-haɗe a 2004. An gan shi a ɗakin gwaji a 2012.

Ɗalibin da ba shi da babban ɗakin gwaji daga ina zai fara?

Yana buƙatar aljabarar jadawali, lissafin canji da ɗan sanin zanen raga. Da ƙaramar kwamfuta da harshen kwamfuta na Python da manhajar nazarin raga ta NetworkX zai iya rubuta samfurin Kuramoto mai ƙulli 500, ya riƙa ƙara ƙarfin ja kaɗan-kaɗan yana zana ma'aunin nan na 0 zuwa 1 har ya ga inda ya tashi, sannan ya sauya saƙar daga zobe zuwa ƙaramar duniya zuwa mai cibiyoyi ya gwada sakamakon da lambobin jadawalin Laplace. Mai sha'awar wuta yana iya zana manyan layukan wuta na 330kV na Nijeriya daga taswirar da aka wallafa, ya cire layi ɗaya-ɗaya ya ga wanne ne cirewarsa ta fi rage lambar Fiedler.

Wanda kuma yake son gani da ido sai ya samo na'urorin ƙidayar kari na makaɗa guda biyu ko uku, ya saita su kan sauri kusan ɗaya, ya jera su a kan siririn katako, ya ɗora katakon a kan gwangwanayen lemo biyu da aka kwantar. Cikin 'yan mintuna za su kama bugu tare, in kuma ya sauke katakon a kan tebur sai su sake rabuwa.